Wa Ya Ɗinka wa Sojojin Washington Riga, Kuma An Biya Shi?

Shekara kusan talatin ke nan ina sayar da yadi a Kumasi. Idan na rufe shago da dare, nakan ɗan buɗe littattafan tarihi. Wasu in suna karanta labarin yaƙi, bindigogi suke ƙirgawa. Ni kuwa mai yadi ne, tambayata ita ce: wa ya ɗinka wa mutanen nan riga, kuma an biya shi?

Yaƙin da Amurkawa suka yi don ƙwatar kansu daga Ingila ya fara a 1775, ya ƙare a 1783. Matsalar farko ita ce, yawancin yadin kirki daga Ingila yake zuwar musu. Ka ga ke nan sun shiga faɗa da dilansu. Majalisarsu ta zaɓi ruwan ƙasa ya zama launin kayan soja, amma zaɓar launi daban, samun yadi daban. Da yawa da kayan gida suka fita fagen daga, har Janar George Washington ya ba da shawarar a sa irin rigar lilin ta mafarauta, don tana da arha da sauƙin ɗinki.

A watan Disamba na 1777, soja wajen 12,000 suka ya da zango a Valley Forge, kusa da Filadelfiya, cikin tsananin sanyi. Washington ya rubuta wa majalisa cewa mutum 2,898 ba za su iya aiki ba saboda ba takalmi, ba sutura. Kafin su tashi a watan Yuni na 1778, cututtuka sun kashe kusan dubu biyu.

To, jama'a, ba ƙarancin kaya kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai ƙarancin kekunan doki da za su kai kayan, akwai kuma abin da duk ɗan kasuwa ya sani: kuɗin da ba a yarda da shi ba. Majalisa ta yi ta buga kuɗin takarda, darajarsa na zubewa, har a 1780 ita da kanta ta ƙayyade dala 40 ta takarda a kan dala ɗaya ta azurfa. Sojojin Ingila da ke Filadelfiya kuwa da zinariya da azurfa suke saye. Kai da kayanka, wa za ka kai wa? Ban ce waɗanda suka kai can sun kyauta ba, amma na san nauyin da ke wuyansu.

Sauƙi daga Faransa ya zo. A 1778 aka samu kwat-kwat masu yawa, wasu shuɗaye wasu ruwan ƙasa, har sai da aka jefa ƙuri'a don a san jihar da za ta samu wane launi. Sai a 1779 aka tsayar da shuɗi ga kowa.

Amma tun kafin nan akwai wani Bafaranshe, Beaumarchais, marubucin wasan kwaikwayo, wanda ya kafa kamfani a 1776 yana aika makamai da sutura a asirce, da fatan a biya shi da taba. Da lokacin biya ya yi, sai gardama ta tashi: wasu suka ce ai kyauta ce daga Sarkin Faransa. Ya mutu a 1799 yana bin bashinsa. Sai a 1835 magadansa suka karɓi faran 800,000, kaɗan daga abin da suke nema.

Nan ne labarin ya taɓa ni. Na taɓa ba wata makaranta yadin yunifom a kan magana kawai, ba takarda, ba shaida. Da aka biya ni bayan shekara guda da wani abu, sidi ya faɗi, kuɗin ko rabin yadin ba su maido ba. A takarda an biya ni, a shago kuwa uwar kuɗi ta tafi.

Kada iyayenmu mata su ce na manta da su. A 1780 matan Filadelfiya, da jagorancin Esther Reed, suka bi gida-gida suka tara kuɗi, suka sayi lilin, suka ɗinka riguna sama da 2,000 da hannunsu. Ita Esther ta rasu kafin a gama, sai 'yar Benjamin Franklin, Sarah Bache, ta ƙarasa aikin.

Ɗan'uwa, bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba za mu daina bayarwa ba. Amma in babban mai saye ya zo maka, ko gwamnati ce, ku rubuta yawan kaya da ranar biya, ku kafa shaidu. Ku kuma yi magana tun farko a kan abin da za a yi idan kuɗin ƙasa ya faɗi kafin ranar. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya raba mu da jinkirin biya.