Baƙin Allo Bayan Sabunta Kwamfuta: Saɓanin Kanel da Direban Hoto

A ɗauka ga wani malamin kwamfuta a wata makarantar sakandare da ke cikin birnin Sakkwato. Ranar Alhamis da yamma ya sabunta manhajojin na'urar ɗakin gwajinsa, wadda ke aiki da Ubuntu, sannan ya kashe ta ya tafi gida. Da safiyar Litinin ɗalibai suka zauna, aka kunna na'ura, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin, babu komai sai wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a lungu. Abin da zai fara zuwa zuciyar kowa shi ne katin hoto ya ƙone, musamman idan a watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Sau da yawa kuwa katin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru saɓani ne tsakanin manhajoji biyu, kuma gyaransa ba ya bukatar a kwance ko da noti ɗaya.

Mene ne kanel, mene ne direba?

Kanel shi ne cibiyar babbar manhajar kwamfuta. Shi ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin zama a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ta hannunsa kaɗai ake isa ga kayan ƙarfe irin su faifan ajiya da allon madannai da katin hoto. Kanel na Linux, wanda Ubuntu da Debian da Fedora suke tafiya a kansa, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991, bugu na 1.0 ya fito a 1994. A yau akan fitar da sabon bugu duk bayan mako tara ko goma.

Direba kuwa, a nan ba mai tuƙin mota ake nufi ba. Wata ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin kanel da wani kayan ƙarfe. Direban hoto na kamfanin NVIDIA kashi biyu ne: kashi ɗaya guntu ne da ake shigarwa cikin kanel kansa yayin da na'ura ke tashi, ɗayan kuma yana waje tare da sauran manhajoji. Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin kowane kashi da irin saɓanin da yake jawowa.

Asalin saɓanin

Duk wanda ya taɓa kai aikin takalmi wurin dukawan Sakkwato ya san cewa baduku sai ya auna ƙafa kafin ya yanka fata. Takalmin da aka yi wa yaro bara, bana ba zai shiga ba, ba don fatar ta lalace ba, sai don ƙafar ta sauya. Haka guntun direba yake. Ana harhaɗa shi ne bisa awon wani bugun kanel guda ɗaya, a buga masa hatimi mai ɗauke da lambar wannan bugu, a ajiye shi a wata jaka mai wannan lamba a ƙarƙashin /lib/modules. Idan an sabunta kanel daga 6.8.0-45 zuwa 6.8.0-47, alal misali, sabon kanel zai leƙa tasa jakar, ya tarar babu direban a ciki. Idan kuma wani mai dabara ya kwafo tsohon guntun ya zuba masa, kanel zai binciki hatimin da alamomin mahaɗarsu, in bai gamsu ba ya ƙi karɓa, ya rubuta Invalid module format.

Mai karatu zai iya cewa wannan tsauri ya yi yawa. Amma guntun da ya shiga kanel yana da ikon taɓa ko'ina a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan ya rubuta bayani a gurbin da ba nasa ba, na'urar na iya daskarewa, ko ta ɓata fayilolin da ake ajiya a ciki ba tare da kowa ya sani ba. Baƙin allo ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Masu kula da Linux da gangan suka ƙi yin alkawarin barin tsarin cikin kanel yadda yake daga bugu zuwa bugu. Hujjarsu ita ce, duk direban da aka shigo da shi cikin rubutun kanel, su za su riƙa gyara shi a duk lokacin da suka yi sauyi. Shi ya sa masu katin Intel da na AMD ba safai suke gamuwa da wannan matsala ba: direbobinsu, wato i915 da amdgpu, tare da kanel suke zuwa. NVIDIA ta daɗe tana riƙe da nata a waje, a rufe, har Torvalds ya yi mata kakkausan suka a bainar jama'a a Jami'ar Aalto a 2012. A watan Mayu na 2022 kamfanin ya buɗe rubutun guntun kanel na sababbin katunansa, amma bai shigar da shi cikin kanel ɗin ba, saboda haka tilas a ci gaba da harhaɗa shi ga kowane bugu.

Yadda ake ganewa da gyarawa

Ko da allo ya yi baƙi, galibi na'urar tana raye. Idan aka danna Ctrl da Alt da F3 tare, akan sami fuskar rubutu zalla inda za a shiga da suna da kalmar sirri. In hakan ta ƙi, sai a sake kunnawa, a shiga jerin zaɓin GRUB, a ɗauki Advanced options for Ubuntu, a tashi da tsohon kanel. Ubuntu kan bar aƙalla tsoho ɗaya don irin wannan rana, kuma wannan kaɗai ya isa a ceci darasin Litinin.

Daga nan sai bincike. Umurnin uname -r yana nuna lambar kanel da ke aiki. Umurnin dkms status yana nuna bugun kanel da aka harhaɗa wa direba. Idan lambobin biyu ba su dace ba, an gano cuta. Shi DKMS wani tsari ne da injiniyoyin kamfanin Dell suka ƙirƙiro a 2003, aikinsa shi ne ya sake harhaɗa direba da kansa duk sanda sabon kanel ya shigo, tamkar baduku da ke zaune a gida yana jiran ƙafa ta ƙaru. Sai dai baduku ba ya aiki babu awo. Awon kanel yana cikin wani ƙunshi mai suna linux-headers, kuma wajibi ne lambarsa ta zama daidai da ta kanel, harafi da harafi. Ana saka shi da sudo apt install linux-headers-$(uname -r), sannan a ba da umurnin sudo dkms autoinstall, a sake kunna na'ura. Wanda ya tashi da tsohon kanel ya lura: uname -r lambar tsohon zai nuna, don haka sai ya rubuta lambar sabon da hannu, ya kuma faɗa wa dkms ita ta hanyar ƙara -k da lambar.

A Sakkwato akwai wani sanadi da littattafan Turai ba su cika ambata ba, wato ɗaukewar wutar lantarki. Harhaɗa direba yakan ci 'yan mintoci. Idan wuta ta ɗauke a tsakani, kanel ya riga ya shiga amma direba bai kammala ba. Umurnin sudo dpkg --configure -a shi ke ƙarasa aikin da ya tsaya a rabi. Hikima ita ce kada a fara sabunta na'urar tebur sai tana kan batirin UPS ko wutar sola, kuma kada a yi shi daren jajibirin jarrabawa.

Akwai saɓani na biyu, wanda ya fi sauƙi amma ya fi ruɗa mutane. Idan aka rubuta nvidia-smi sai ya amsa da Driver/library version mismatch, to ba kanel ne ya sauya ba. Kashin direba na waje ne aka sabunta, alhali tsohon guntu yana nan zaune a cikin kanel tun tashin safe. Sake kunnawa kawai yake warkar da wannan. Idan ya ƙi warkewa, mai yiwuwa an haɗa direba biyu: ɗaya daga rumbun Ubuntu, ɗaya kuma fayil mai ƙarewa da .run da aka sauko da shi daga shafin kamfanin. Kowannensu yana rubutu a kan ɗan'uwansa. Sai a cire na biyun da nvidia-uninstall, a koma ga sudo ubuntu-drivers install, wanda yake zaɓo direban da ya dace, sau da yawa ma harhaɗaɗɗe tun daga Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu.

Wani lokaci ma komai ya harhaɗu daidai, amma kanel ya ce Key was rejected by service. Wannan aikin Secure Boot ne, tsarin tsaro da ba ya barin guntun da ba shi da sa hannun da na'ura ta amince da shi. Lokacin saka direba akan nemi a zaɓi kalmar sirri, bayan sake kunnawa sai wani shuɗin allo ya fito yana tambayar Enroll MOK. Da yawa sukan tsorata su wuce shi, alhali nan ne ake yi wa makullin sa hannun rajista.

Tsofaffin katuna

Wannan ɓangare ya fi shafar makarantu da ɗalibai, domin kwamfutoci na hannu su ne aljihu ya fi iya ɗauka. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ya sayi na'urar da aka ƙera wajen 2012 zai iya tarar cewa katinta ba ya aiki sai da direba na jerin 390 ko na 470. NVIDIA ta daina kula da jerin 390 a ƙarshen 2022, na 470 kuma a 2024. Ma'ana, kanel yana ta gaba, direba ya tsaya cik. A nan ko an kawo awo daidai, harhaɗawar na iya rushewa, domin direban yana kiran wasu ayyuka da aka sauya ko aka cire daga kanel. Dalilin rushewar yana rubuce a fayil ɗin make.log da ke ƙarƙashin /var/lib/dkms, kuma layin farko mai ɗauke da kalmar error shi ne abin karantawa, ba na ƙarshe ba.

Mafita biyu ce ga mai irin wannan na'ura. Ko dai ya zauna kan bugun Ubuntu mai dogon tallafi tare da kanel na asali da ya zo da shi, kamar 5.15 na Ubuntu 22.04, wanda tallafinsa na yau da kullum zai kai 2027, ko kuma ya cire direban kamfanin baki ɗaya ya koma ga nouveau. Shi nouveau buɗaɗɗen direba ne da masu sa kai suka fara rubutawa, yana cikin kanel, ba ya bukatar harhaɗawa. Bai kai na kamfanin sauri ba wajen zane mai nauyi, amma ga ɗakin gwajin sakandare inda ake koyon buga rubutu da lissafin jadawali da rubuta shiri da Python, ɗalibai ba za su ma lura da bambancin ba.