Yadda kamfanoni ke tantance dillalan intanet

Dillancin intanet tsari ne da kamfani ke bai wa wani mutum mahaɗi na musamman, mutumin ya tallata kayan kamfanin a shafinsa ko a bidiyonsa, duk wanda ya bi ta mahaɗin ya yi sayayya sai a biya shi kamasho. Kamfanin Amazon ya buɗe nasa shirin, Amazon Associates, a 1996, kuma shi ya fi yayata wannan hanya a duniya. A Najeriya ma kamfanoni irin su Jumia da Konga sun buɗe makamancinsa. Tun da ba a biyan dillali sai an yi ciniki, ana iya zaton cewa kamfani ba shi da asara idan ya karɓi duk wanda ya nema. Ba haka abin yake ba, shi ya sa ake tantancewa.

Abin da mai tantancewa ke fara dubawa shi ne wurin da mai neman zai yi tallar. Ana buɗe shafin, a karanta abin da ke ciki, a ga ko mai shi ne ya rubuta ko kwaso na wasu ya yi, a ga ko akwai dangantaka tsakanin abin da yake magana a kai da kayan da za a sayar. Mai koyar da girki ya dace da tallar tukwane da injin markaɗe. Bai dace da tallar tayar mota ba. Shafukan batsa, da na cin zarafi, da masu raba fina-finan sata, ana watsi da su nan take, domin sunan kamfanin ne zai bayyana a gefensu.

Yawan mabiya ba ya ruɗar ƙwararren mai tantancewa, don ana sayen mabiyan bogi da kuɗi kaɗan. Wanda ke da mabiya dubu ɗari amma da ƙyar mutum goma ke tanka masa, alama ce ta matsala. Mai mabiya dubu biyu da ke yi masa tambayoyi na gaske a kan farashi da ingancin kaya ya fi shi daraja nesa ba kusa ba.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta wace hanya mutum zai kawo masu saye. A nan ne yawancin ha'inci ke ɓuya. Idan aka latsa mahaɗin dillali, ana ajiye wata 'yar alama da ake kira kuki a waya ko kwamfutar mai latsawar, ita ce shaidar cewa wane ne ya kawo shi. A shirin Amazon wannan alama tana aiki na awa 24. Mayaudara kan dasa ta a na'urorin mutanen da ba su taɓa latsa komai ba, sai su ci kamashon cinikin da ko babu su za a yi. Kamfanin eBay ya gamu da irin wannan daga manyan dillalansa biyu, Shawn Hogan da Brian Dunning. Dukansu sun amsa laifin zamba a kotun tarayya ta Amurka, kuma a 2014 aka yanke wa Hogan ɗaurin wata biyar, Dunning wata goma sha biyar. Hogan shi ne dillalin da ya fi kowa samun kuɗi a shirin eBay, wato wanda ake gani a matsayin abin koyi.

Akwai kuma dabarar da ba ta kai zamba ba amma tana cutar da kamfani: dillali ya sayi talla a Google da sunan kamfanin kansa, ta yadda mai neman shagon kai tsaye zai fara faɗawa hannunsa. Kamar dillalin da ya tsaya a bakin ƙofar shago yana karɓar la'ada a kan wanda ya riga ya iso da ƙafarsa ne. Saboda haka yawancin yarjejeniyoyi suna haramta wannan a rubuce, kuma ana tambayar mai nema tun farko ko yana sayen talla.

Doka ma tana da nata. Hukumar FTC ta Amurka, mai kare masu sayayya, ta wajabta wa mai talla ya bayyana ƙarara cewa yana samun kamasho, kuma kamfanin da ya kau da kai daga ƙaryar dillalansa yana iya shiga cikin laifin. Don haka ana duba tsofaffin tallace-tallacen mai nema, musamman idan kayan magani ne ko harkar kuɗi, inda alkawuran ƙarya suka fi yawa.

Kamfanoni sun bambanta wajen tsananin. Ƙananan shirye-shirye sukan duba kowace takardar neman shiga ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har da kiran waya. Amazon kuwa yana karɓar mutum na wucin gadi, ya ba shi kwana 180 ya kawo ciniki uku, sannan a duba shafinsa. Idan bai kai ba a rufe asusun, kuma sayayyar da ya yi wa kansa ba ta shiga lissafi. Bayan an karɓi mutum, ana ci gaba da sa ido a kan alƙalumansa, kuma ana jinkirta biyan kamasho har sai wa'adin mayar da kaya ya wuce, saboda cinikin da aka soke ba a biyan kamasho a kansa.