MAGARYA, TUFFAR KAKANNINMU



Tun kafin tuffar waje ta shigo kasuwar Wudil, magarya muke da ita. 'Ya'yanta ƙanana ne masu ƙwallo ɗaya. Da hunturu suke nuna, su yi ja-ja, ga zaƙi ga ɗan tsami. Suna da bitamin C, busassun kuma suna daɗewa a ajiye.

Ita da kurna dangin sidir ne, wanda aka ambata a Suratul Waƙi'a, aya ta 28. Ganyensa ake sa wa ruwan wankan gawa bisa sunna.

Hattara: a duba tsutsa kafin a ci. Kar a ba ƙaramin yaro da ƙwallon, yana iya shaƙewa. Don Allah mu daina sare ta don girki.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.