Real Madrid: shin Mbappé ne matsala, ko ramin na wani wuri?

Tun daren 26 ga Oktoban 2024 gardama ɗaya ce ta yi ta yawo a fada-fadar matasa daga Maraɗi har Damagaram. A wannan dare Barcelona ta je Bernabéu ta zuba wa Real Madrid 4 da nema. Bayan kwana goma AC Milan ta zo filin nan dai ta ci 3 da 1. Ƴan Barsa na ta shagali, ƴan Madrid kuwa sun rabu. Wasu na cewa Mbappé ne ya ɓata ƙungiya, wasu na cewa mai horo na lokacin Carlo Ancelotti ya tsufa, dabara ta ƙare masa. Mun ga ya dace mu warware zancen sannu-sannu, don wanda bai samu kallon wasannin ba ya fahimci inda ake.

A tuna daga ina aka fito. A kakar 2023/24 Madrid ta ɗauki Laliga da maki 95, sau ɗaya tak aka doke ta a gasar. Ranar 1 ga Yunin 2024 ta doke Dortmund 2 da nema a Wembley, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai na 15. Sai ga Kylian Mbappé ya zo daga PSG ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. Kowa ya ce to, shi ke nan, wa zai tare su?

Masu zargin Mbappé suna da hujja, ba za mu ƙi ta ba. Shi da Vinicius gefen hagu suke so, Rodrygo ma can ya fi sakewa. Tun da Vinicius ne mai wurin, sai aka tura Mbappé tsakiya a matsayin lamba tara, aikin da ba shi ya fi so ba. Lamba tara na gaske yakan tsaya cikin ƴan bayan abokan gaba, ya juya wa raga baya, ya karɓi ƙwallo, ya jira ƴan uwansa su iso. Mbappé kuwa gudu ne makaminsa, fili yake nema a gabansa. Hansi Flick na Barcelona ya san haka, ya turo ƴan bayansa har kusa da tsakiyar fili, suka yi ta ɗana masa tarko: sau 8 aka kama shi da satar gida a wasa ɗaya. Sannan idan ƙwallo ta kuɓuce, shi da Vinicius ba su cika komawa baya su taya tsaro ba. Ƙungiya na iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya irin wannan, amma biyu? Taura biyu ba ta taunuwa.

Duk da haka, a ganinmu babban ramin ba a gaba yake ba. Wanda ya tafi ya fi wanda ya zo tasiri, wato Toni Kroos, da ya ajiye takalmi bayan gasar Turai ta 2024. Aikinsa ba ya cika fitowa a ɗan bidiyon da ake turawa ta WhatsApp, shi ya sa mai bin sakamako kawai ba zai ga girmansa ba. Shi ne ke saukowa kusa da ƴan baya ya karɓi ƙwallo lokacin da aka matsa musu, ya san lokacin da za a yi sauri da lokacin da za a lafa, ya ɗaga ta daga hagu ta sauka daidai ƙafar wanda ke dama. Valverde, Camavinga da Tchouaméni duk ƙarfafa ne, akwai huhu, akwai ƙwace ƙwallo, amma babu mai wannan natsuwar a cikinsu. Modric yana da ita, sai dai a lokacin shekarunsa 39, ba a ɗora masa minti 90 kowane kwana uku. Shi ya sa a lokacin ƙungiyar takan tsage biyu: ƴan baya can, ƴan gaba can, tsakiya wayam, sai dogon bugu ana fatan sa'a.

Bellingham ne ya fi kowa biyan kuɗin wannan canji. A kakar 2023/24 yana bayan ƴan gaba, kusa da raga, ya ci 23 a dukkan gasanni. A kakar 2024/25 an ja shi baya, wani lokaci gefe, yana toshe ramukan da wasu suka bari. Sai ranar 9 ga Nuwamba, a wasan Osasuna, ya ci ƙwallonsa ta farko a kakar.

Wannan wasa na Osasuna an ci 4 da nema, Vinicius ya zuba uku, amma ƴan Madrid ba su kwana da daɗi ba. Militão ya tsinke jijiyar gwiwa, karo na biyu ke nan, don a Agustan 2023 ɗaya gwiwar ta yi masa haka. Rodrygo da Lucas Vázquez su ma ba su ƙarasa wasan ba. Kafin nan, ranar 5 ga Oktoba, Carvajal ya yi mummunan rauni a gwiwa a wasan Villarreal, kakarsa ta ƙare. A lokacin Alaba bai taka leda ba tun Disamban 2023. Nacho ya tafi Saudiyya, Leny Yoro da aka yi ta zawarci ya zaɓi Manchester United, kuma ba a kawo kowa ba. To ku ƙirga: Rüdiger kaɗai ya rage tsayayye a tsakiyar baya a lokacin. Tchouaméni da ake aro a wurin ma yana jinya a lokacin. Wannan ba laifin Mbappé ba ne, ba kuma na Ancelotti kaɗai ba. Lissafin shugabanni ne, da Florentino Pérez a gaba, waɗanda suka shiga kaka mai wasanni fiye da na da da ƴan baya ƙalilan.

Inda muke ganin mai horo na da abin amsawa shi ne benci. A lokacin Arda Güler da Endrick na zaune, sai a ba su ƴan mintoci a ƙarshe. Ancelotti mutum ne mai riƙo da waɗanda ya sani, kuma hakan ya sha kawo masa kofi. Amma dubi Raúl Asencio, yaro daga ƙaramar ƙungiyar Castilla: dole ce ta sa aka saka shi a madadin Militão, kuma shi ya ɗaga dogon bugun da Bellingham ya ci. Da ba a ji rauni ba, yaushe za mu san shi?

Ga ƴan Barsa masu cewa an gama, a yi hattara. Real Sociedad ta doke su 1 da nema ranar 10 ga Nuwamba. A tsakiyar Nuwamban 2024 suna da maki 33, Madrid na da 27, kuma Madrid na da kwantan wasa ɗaya, wanda aka ɗage da Valencia saboda ambaliyar ruwan da ta hallaka mutane a can. Da ta ci shi a lokacin, da tazara ta koma uku. Kuma ƙungiyar nan ce Dortmund ta sa wa 2 kafin hutun rabin lokaci ranar 22 ga Oktoba, aka tashi 5 da 2.

Bayan hutun wasannin ƙasashe na Nuwamban 2024 sai Leganés, sannan tafiya Anfield wurin Liverpool ranar 27 ga Nuwamba. Abin dubawa a daren ba wai ko Mbappé ya ci ko bai ci ba ne. Abin dubawa shi ne wa ke karɓar ƙwallo daga ƙafar Rüdiger idan an matsa, wa aka sa a dama ta baya, kuma mutum nawa ke dawowa idan ta kuɓuce. A lokacin kasuwar ƴan wasa a rufe take sai Janairun 2025, don haka da waɗannan ɗin aka je.