Gida Ɗaya, Iyayengiji Da Yawa: Labarin Fadar Damagaram

Mutanen Falanko da sauran garuruwan Damargu, in sun sauka Damagaram cin kasuwa, da yawa sukan ratsa unguwar Birni su ga fadar sarki. Sukan duba ƙofa, su duba dogarai, su wuce. Amma kaɗan ne suka san waɗanda suka zauna cikin wannan tsohon gida, ɗaya bayan ɗaya.

An gina fadar da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19. Sunan da ke haɗe da ita shi ne na Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. A zamaninsa ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Agadas, ya ratsa Damargu, ya sauke kaya a Damagaram kafin ya nufi Kano. Geron Damargu da gashin jimina suna cikin abin da ya raya wannan hanya. Ashe gumin kakanninmu ma yana cikin arzikin gidan.

Tanimun ya rasu a 1884. Ɗansa Sulaiman ɗan Aisa ya gaje shi. A 1893 gida ya koma hannun Amadu Kuran Daga, shi ma ɗan Tanimun ne. A zamaninsa aka kashe wani kaftin na Faransa, Kazamaju, a 1898. Shekara na kewayowa sojan Faransa suka iso, aka gwabza a Tirmini, birni ya faɗi, Kuran Daga ya rasa ransa a 1899.

Nasara suka naɗa Amadu ɗan Basa. A 1906 suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa. Sai suka danƙa gari ga Ballama, wani bafade wanda ba jinin gidan ba ne. Gida yana tsaye, masu shi suna kallo daga gefe. Sai a 1923 sarauta ta dawo wa zuriya, aka naɗa Barma Mustafa. Daga shi sai Umaru Sanda a 1950, wanda ya ga ranar samun mulkin kai a 1960. Ɗansa Abubakar ya hau a 1978, aka sauke shi a 2001, aka naɗa Mamadu Mustafa, kana aka maido da shi a 2011. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadarsa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a kayan tarihin duniya.

To, me ya sa aka san duk waɗannan sunaye? Domin maroƙa sun riƙe su da ka, malamai sun rubuta. Me ya sa gini bai rushe ba? Domin kowane maigida ya yi yaɓe, ya gyara indararo kafin damina.

Jama'a, ba gidan sarki kaɗai ke da tarihi ba. A Falanko ma, kowane tsohon gida akwai wanda ya fara kafa shi, da wanda ya gada, da wanda aka ba aro shekarar yunwa. In tsoho ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, sai rigimar gado ta tashi, ƴan'uwa su kai juna gaban mai gari ko alƙali.

Maganin abin mai sauƙi ne. A samu littafi. A zauna da dattijo da tsohuwar gida, don mata sun fi riƙe sunan dangi. A tambaya: wa ya kafa gidan? Daga ina ya zo? Wa ya biyo bayansa? Gado ne, saye ne, ko aro? In ba a tuna shekara ba, a kama ta da wani babban abu, kamar farin 1973 ko na 1984. A karanta wa maƙwabta su shaida, a adana takardar inda gara ba ta kai.

Da tsohuwar zuma ake magani. A tambayi tsofaffi tun suna raye.