GUDUN MOTSA JIKI: LISSAFIN SHEKARA A CIKIN KAYE



Idan kaka ta yi, manomi yakan tsaya bakin rumbu ya ƙirga damman da ya ɗaure. Dami arba'in ne ko sittin, daga nan yake sanin ko hatsi zai kai shi wata damina. Mai gudun motsa jiki ma yana da irin nasa rumbun. Nawa wani ɗan kaye ne, irin littafin rubutun nan na ƴan lakwal, shi zan buɗe muku a wannan wata.

Ni ma'aikacin biro ne a Damagaram, na haura shekara 45. Ƙarshen 2023 ciwon kai ya matsa mini, na tafi gidan likita. Da aka auna jinina sai aka samu 16 bisa 10. Likita ya ce daga 14 bisa 9 zuwa sama hawan jini ke nan. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in kuma riƙa motsa jiki. Maganar ta shige ni ƙwarai, don yayana wanda nake bi hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, yau sai an kama shi yake tashi. Ina da yara shida, babba bai ƙare lakwal ba.

Wanda ke wuni a gona da kalme, ko mace mai zuwa rijiya sau uku tana daka safe da maraice, wannan magana ba ta dame su ba sosai, aikinsu ya ishe su. Da mu nake, masu wuni bisa kujera: ma'aikata, teloli, direbobi, masu tsaron shago. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici kowane mako, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi, kamar gudu.

Alkawarin da na ɗauka

Ranar 1 ga Janairu 2024 na rubuta abu biyu a shafin farko. Na ɗaya, zan yi kilomita 1,200 a shekara, wato 100 kowane wata. Na biyu, kafin shekara ta ƙare zan tashi daga Damagaram in shiga Miriya da gudu, kilomita 18, ban tsaya ba. Ina na samo 1,200? A salula na gani, wani Bature mai shekaru kamar nawa yana cewa haka yake yi. Na ce ai daga Yamai zuwa Damagaram ma kusan kilomita 900 ne, mota na yin ta wuni guda, ni kuwa ina da kwana 366.

Kowace safiya, bayan sallar asuba, sai in bi gefen kwalta ta hanyar Miriya. Da babur na fara auna hanyar, na san inda kilomita 3 take, na san inda 5 take. In na dawo sai in rubuta kwanan wata, nisa, minti nawa na yi, da yadda jiki yake. Layi ɗaya ne, ba ya ɗaukar lokacin shan fura. Makon farko wani dattijo mai amalanke ya tsayar da jakinsa ya ce: «Malam, lafiya? Wa ya koro ka?» Na ce likita ne. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Yanzu in ya kwana biyu bai gan ni ba yakan tambaya.

Ga abin da kaye ya nuna ƙarshen shekara:

Janairu 112, Fabrairu 104, Maris 38, Afrilu 21, Mayu 30, Yuni 64, Yuli 52, Agusta 19, Satumba 33, Oktoba 70, Nuwamba 88, Disamba 95.

Jimla kilomita 726. Saura 474 ban yi su ba. Daren da na haɗa lissafin raina ya ɓaci, na jefa kayen bisa kabad, na ce ni da gudu har abada. Sai bayan kwana uku, da zuciya ta sauka, na ɗauko shi na karanta wata bayan wata. A nan ne na ga abin da jimla ta ɓoye.

Abin da watanni suka ce

Ku duba da kyau. Watanni huɗu na sanyi, Janairu, Fabrairu, Nuwamba da Disamba, su kaɗai sun ba da kilomita 399, fiye da rabin gudun shekara. Lokacin nan safiyar Damagaram takan sauka wajen digiri 15. Jiki na neman gudu da kansa. Matsala ɗaya ce, ƙurar hunturu. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hangen dutsi, gara ka zauna gida, musamman mai asma ko tari.

Maris, Afrilu da Mayu kuwa, su uku a haɗe kilomita 89. Azumin 2024 ya kama wajen 11 ga Maris, ya faɗa cikin bazara tsundum. Bazarar shekarar kuma ba irin wadda aka saba ba ce: farkon Afrilu an auna sama da digiri 48 a Kayes ta ƙasar Mali, mu ma nan mun ɗanɗana. Ko a shekarar da ba ta yi tsanani ba, Afrilu da Mayu sukan wuce digiri 40 da rana, dare kuma ɗaki ba ya kwantuwa. Wanda bai yi barci ba, da wane ƙarfi zai fita da asuba? Bature mai kilomita 100 kowane wata bai san bazara ba, bai san azumi ba. Ni da na san su, na kwafi lissafinsa ban tambayi kaina ba.

Babban kuskurena yana cikin Yuni. Da aka fara yayyafi, gari ya ɗan yi sanyi, na duba kaye na ga ana bi na bashin kusan kilomita 200. Na ce bari in biya. Mutumin da ya yi wata uku yana kilomita 7 ko 8 a mako, sai ga shi ya yi 50 cikin mako biyu. Ƙwaurina na hagu ya ɗauki ciwo, tun ina ɗingishi a ɓoye har matakalar biro ta gagare ni. Na yi kwana goma sha biyu ban fita ba. Daga baya na ji cewa masu gudu suna da wata ƙa'ida: kada abin da ka ƙara a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Mai yin kilomita 20 ya ƙara 2, ba 10 ba. Ƙa'ida ce ta gogewa, wani jikin ya fi wani ɗauka, amma tana tsare mutum daga irin wautar da na yi. Numfashi yakan saba da wuri, ƙashi da jijiya su sai a hankali. Kilomitar da ta wuce ba bashi ba ce. Manomin da shuka ta kuɓuce masa ba ya zuba iri biyu a rami ɗaya don ya rama.

Agusta da Satumba kun san yadda daminar 2024 ta kasance. Ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram da sauran jihohi, gidaje sun zube, har tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe farkon Satumba. Katangar gidanmu ta faɗi, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni mako guda, ya kuma bar ni da kasala mako biyu. A shafin Agusta akwai inda na rubuta «ɗaukar laka» a madadin kilomita. Da na sake karantawa sai na ce ai wannan ma motsa jiki ne, har ya fi gudu.

Miriya fa? Na gwada ranar Lahadi ta ƙarshen Disamba. Na tashi da sauri kamar ɗan shekara ashirin, don wasu samari biyu sun biyo ni, ba na son su ga gazawata. A kilomita 13 ƙafa ta ƙi. Kabu-kabu ne ya maido ni gida, uwargida na tsaye bakin ƙofa, ba ta ce komai ba, ta miƙo mini ruwa.

Akwai kuma shafi na ƙarshe, inda nake rubuta awon jini kowane wata. Daga 16 bisa 10 ya sauko 14 bisa 8, wani lokaci 13. Ban ce gudu kaɗai ya yi wannan ba, don ban fasa shan magani ba ko kwana ɗaya, kuma kada kowa ya ajiye maganinsa don ya fara gudu. Amma abin da ya fitar da ni daga gida tun farko ke nan, na manta da shi ina bin 1,200.

Yadda na sake tsara 2025

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Kokowa da dambe bayan girbi ake yin su, lokacin da rumbu ya cika, gari ya yi sanyi. Gasar takobi ta ƙasa ma, da aka fara a Tawa a 1975, galibi cikin sanyi ake yin ta. Don haka na raba shekara yadda manomi ke raba ta. Na sauko da jimla zuwa 800. Watanni huɗu na sanyi 100 kowanne, Oktoba 80, watannin damina huɗu 55 kowanne, Afrilu da Mayu 40 kowanne. Maris, da azumin 2025 ya cinye kusan dukansa, na ba shi 20 kawai, su ma tafiya ce da ɗan sassarfa bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Na ƙara abu biyu da babu su a 2024. Na farko, na fara ƙirga kwanaki: fita uku a mako, ko da minti 25 ne. Wannan ya fi kilomita sauƙin riƙewa, kuma wanda ba shi da babur ko salula mai auna nisa agogo ya ishe shi. Mai filin wasa kusa, zagaye ɗaya na cikakken fagen gudu mita 400 ne, biyu da rabi kilomita guda. Na biyu, na daina jiran Disamba. Ƙarshen kowane lokaci, ɗari, bazara, damina, kaka, nakan zauna da kaye in yi wa kaina tambaya: kwana nawa na fita, me ya hana ni sauran, ina ke ciwo? In an samu giɓi sai in ja layi a ƙarƙashinsa, in rage jimlar shekara, ban kai shi gaba ba.

Maganar sauri kuma na bar ta. In kana gudu ba ka iya amsa gaisuwa sai da haki, ka yi yawa, rage. Yawancin fitar mako haka ya kamata ta kasance, har ka iya hira da abokin tafiya. Cikin bazara kada rana ta fito ta same ka a hanya. Sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo, ka duba fitsarinka, in ya yi ja ruwa bai isa ba. Jiri, ciwon kai, amai, ko mutum ya fara magana ba kan gado, alamun zafi ya bugi mutum ne: a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi likita maza. Ciwon ƙirji kuwa ba a gardama da shi, a tsaya nan take. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita kafin ya rubuta ko da kilomita ɗaya a kaye.

Wasu kan ce takalman gudu tsada gare su. Gaskiya ne. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun kilomita 42 na wasannin Olimpik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, amma hanyar Rum ba ta da ƙarangiya da kwalba. Na gwanjo ya isa, in dai bai matse yatsu ba kuma ƙasansa bai cinye ba.

Ƙarshen 2025 kaye ya nuna kilomita 781, fita 139. Ban cika 800 ba, amma babu watan da ya wuce ban fita ba, ƙwauri kuma bai sake ciwo ba. Miriya na shige ta cikin Disamba, awa biyu da minti goma, ni kaɗai, da gorar ruwa a hannu. Sau biyu na ɗan taka da ƙafa a hanya, na rubuta hakan yadda yake. Na zauna bakin garka wani mai lambu ya ba ni rake, na hau mota na dawo.

Wanda zai tsara nasa ya tuna azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu ne, na 2027 farkon Fabrairu, gwargwadon ganin wata. Ke nan ya fara shiga watannin sanyi, waɗanda su ne ke cika mini rumbu. A shafin 2026 na rage Fabrairu zuwa 60, na maida sauran cikin Oktoba da Nuwamba. A ƙasan shafin kuma na rubuta sunan maƙwabcina, tela, wanda likita ya auna masa 17 bisa 10, ya ce zai riƙa bi na ranar Talata da Asabar. Mun fara da tafiyar minti 20.