Abin Da Rijiya Ke Gaya Mana

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A unguwar Kambarawa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, gidaje da dama sun dogara da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa, musamman idan ruwan famfo daga madatsar Ajiwa bai zo ba. Muna jan guga kullum, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Ruwan rijiya dai ruwan sama ne da ya nutse cikin ƙasa, ya cika tsakanin yashi da tsagogin duwatsu. Saboda haka yana hawa yana sauka. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba, yakan taso sama. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da Mayu, sai ya ja da baya, har mu ƙara wa guga igiya.

To, ina man fetur ya shigo? Gidajen mai sukan binne tankunansu a ƙasa. Idan tanki ya yi tsatsa ya huje, mai zai riƙa tsiyaya ba tare da kowa ya gani ba. Haka kuma baƙin man da makanikai ke zubarwa, da gas ɗin da ke ɗiga daga janareta. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a samansa. Ruwa ya hau, ya hau tare da shi. Ruwa ya sauka, ya bar shi maƙale a jikin ƙasa, damina ta dawo ta sake wanko shi. Shi ya sa ɓarnar kan daɗe shekara da shekaru.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2011, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. A Nisisioken Ogale, kusa da bututun mai, an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan ƙasa. An kuma sami sinadarin benzin a rijiyoyin da mutane ke sha, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa har sau 900 da ɗoriya. Iyakar nan kuwa kashi 10 ce kacal cikin biliyan ɗaya, domin benzin yana jawo sankarar jini.

Yaya masana ke sa ido? Sukan haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji, aƙalla 3, a kewaye da wurin da ake zargi. Sai su zura tef ɗin awo, su rubuta zurfin ruwa a kowace. Da yake ruwan ƙasa daga tudu yake gangarawa zuwa kwari, awon nan zai nuna musu inda ya nufa, da gidajen da ke kan hanyarsa. Daga nan sai su ɗebo ruwan saman da wani bututu mai haske kamar gilashi, su ga ko akwai mai a kansa, su auna kaurinsa. Sauran ruwan a kai ɗakin gwaje-gwaje, domin akwai gubar da ido ba ya gani.

Mu ma ɗalibai muna da abin yi. Mu sami igiya mai alamar mita da littafi guda. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara jan ruwa, mu auna daga bakin rijiya zuwa saman ruwa, mu rubuta. Mu duba ko akwai maiƙo mai launin bakan gizo, mu kuma shinshina. Idan muka ji warin fetur, a daina sha nan take, ko da an tafasa. Kada a kusanto da wuta, kada kuma a bar mai yasar rijiya ya shiga. A sanar da mai unguwa da ma'aikatar muhalli.

Awon rana ɗaya ba ya nuna komai, amma na shekara 2 ko 3 zai nuna mana ko ruwanmu na raguwa, da kuma watan da ya fara canjawa. Rigakafi dai ya fi magani.